Auta, takardar CAC ɗinka ba ta ƙetare teku

Auta, na saurari saƙonninka na murya, har huɗu. Wai tunda ka samu gurbin karatu a Amurka, in yi maka rajistar sunan yajinka da zumarka a nan Amurka kafin ka iso, "ai ba wani kuɗi ba ne, Yaya". Ba wani kuɗi? To, gyara zama.

Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da ka lanƙaya a shagonka na Jekadafari sunan kasuwanci kawai ta ba ka. Tambarin kaya ofishinsa daban, a Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki, kuma ko shi ka yi, iyakarsa Najeriya. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Madrid, wadda ke ba ɗan kasuwa damar neman kariya a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya. Nan sai an faro daga tushe.

Ni da na yi wa turaren wutana rajista a 2022, dala 250 na biya. Daga 18 ga Janairun 2025 aka soke wannan mai rahusar, yanzu dala 350 ce, kuma a kan kowane rukuni. Rukunan 45 ne: 1 zuwa 34 na kaya, sauran na hidima. Yaji da zuma sun haɗu a na 30, nan ka ci sa'a. Amma hulunan da kake son haɗawa na 25 ne, wata 350 ke nan.

Ga inda ya ƙona mini rai. Bara na so in ƙara humra da sabulu da sabon suna. Maimakon in zaɓi bayanin kaya daga jerin da ofishin rajistar tambari na nan ya tanada, sai na ce bari in tsara da bakina, wai ni mai Turanci. Dala 200 aka ƙara mini a kan wannan iyayin. Bayan watanni aka ce sunan ya yi kama da na wani. Ko sisi ba a mayarwa. Ranar na yi kuka a mota, ni da na tashi shagon nan da guga da wankin tsofaffi na shekara shida, ba wanda ya turo mini ko kwabo daga Gombe.

Kai kuma da kake zaune a wajen Amurka, tun 2019 doka ta ce dole sai da lauya mai lasisin nan. Kuɗinsa daban.

Sannan bizar ɗalibi ba ta ba ka izinin buɗe sana'a ba. Ka fara tallar yaji a ƙofar masallacin Juma'a, wani ya kai ƙara, karatun da Baba ya sayar da gonar Dadin Kowa dominsa ya tafi.

Ka je Abuja ka yi ta gida tukuna, shekara 7 ce kafin sabuntawa, ka bar wa Inna shagon. In za ka taho, ka riƙo mini yajin kwalba biyu. Kilishi kuwa kada ka soma, a filin jirgi za su ƙwace.