Amsa ga mai tambaya kan matan da ke shugabancin ONG: me suka karanta, ta ina suka bi?

Salamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce kin gama lisans a jami'ar André Salifou, kina son ki san abin da matan da ke riƙe da ƙungiyoyi masu zaman kansu, wato ONG, suka karanta, da ƙofar da suka bi har suka hau kujera, kuma ko ya fi miki ki buɗe taki ONG ɗin tun yanzu. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba ta tsaya ga diplom ba.

Iyayenmu da suka share hanyar ba su karanta wani fanni wai shi aikin ƙungiya ba. Malaman lakwal ne, da ma'aikatan likita, da 'yan jarida, da masana shari'a. Marigayiya Mariama Keïta, wadda ta jagoranci CONGAFEN, haɗakar ƙungiyoyin mata ta ƙasa, 'yar jarida ce, ita ce ma mace ta farko a wannan aiki a Nijar. Salamatou Traoré ma'aikaciyar jinya ce, a wurin aiki ta ga halin da masu yoyon fitsari ke ciki, sannan ta kafa ƙungiyar Dimol a 1998. Ki lura da jerin: sana'a tukuna, sai matsalar da sana'ar ta nuna musu, sai ƙungiya. Kuma yawancin ƙungiyoyin sun samu fili ne bayan 13 ga Mayu 1991, ranar da mata suka yi tattaki a Yamai don a ba su wakilci a shirin babban taron ƙasa. Shi ya sa har yau ake bikin ranar matan Nijar a wannan rana. A nan Damagaram ma, in kin bincika tarihin manyan matan ƙungiyoyi, sau da yawa za ki tarar makarantar horon malamai ta Askia Mohamed ko makarantar kiwon lafiya ta ENSP suka fito.

Akwai ƙofa ta biyu da masu boko kan raina, ita ce Mata Masu Dubara, tsarin asusun da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991. Mata kamar ashirin zuwa talatin, zubi kowane mako, akwati mai kwaɗo uku da mabuɗansa a hannun mata uku daban, shugaba, magatakarda, ma'aji, da masu ƙirga kuɗi a gaban kowa. Macen da ta yi shekaru tana jagorantar irin wannan, ta raba riba ba a yi faɗa ba, ta karɓo bashi daga hannun maƙwabciyarta ba zumunci ya lalace ba, ta san shugabanci. Daga nan wasu suka hau shugabancin haɗakar ƙungiyoyi, wasu suka zama konseye a komin ɗinsu. Abin da ke tsayar da su shi ne rubutun Faransanci, sai su dogara da wani ya rubuta musu takarda, kuma wanda ya riƙe alƙalami shi ke riƙe ƙungiyar.

Ke kuwa ƙofa ta uku ce taki, ta aikin furoje. Ta buɗe sosai bayan yunwar 2005, lokacin da ƙungiyoyin waje suka cika Magarya, Matamaye, Mirya da Tanut da cibiyoyin kula da tamowa. Matakan sanannu ne: sitaj ko aikin sa kai, animatiris a karkara, mai sa ido kan animatoci, shugabar furoje, sannan kwardinatiris. Kada ki tsallake karkarar. Shekara biyu zuwa uku kina kwana a ƙauye su ne za su koya miki cewa ba a kiran taron mata ranar kasuwa ko lokacin girbi, ba a shiga gari sai an gaida mai gari da liman, kuma abin da aka amsa miki da "to" a dandali ba lallai shi za a yi ba. Idan kina jin Barbarci, Fulatanci ko Buzanci, ki rubuta shi a takardar neman aikinki, don a wajen Gure da Tanut ya kan fi wata diplom ɗin amfani.

Inda mata ke maƙalewa, nan nake so ki buɗe kunne. Ana ɗaukar mace a ba ta wayar da kai, ko sashen mata da yara, ta yi shekara takwas tana aiki kamar ba gobe, kowa na yabonta. Amma bidje, da sayayya, da bin diddigin sakamako suna hannun maza. Ranar da aka buɗe kujerar kwardinatiris, abin da za a tambaya shi ne nawa ne kuɗin da kika taɓa sarrafawa, mutum nawa suka yi aiki ƙarƙashinki, rahoto nawa kika rubuta wa masu ba da kuɗi. Sai ta ga ba ta da amsa, a ɗauko wani daga Yamai a ɗora mata. Wannan abu yana ci mini rai, domin ba rashin iyawa ba ne, ba a taɓa miƙa mata ba ne, ita ma ba ta nema ba. Don haka tun shekararki ta biyu ki roƙi a bar miki layi ɗaya na bidje, ko da na horo ne na jika ɗari biyar, ki tsara shi, ki kashe, ki kawo hujja da kanki. Ki zauna kusa da kontabul ki ga yadda ake rufe wata. Ki iya Excel sosai, ki iya KoboCollect na tattara bayanai a waya, ki iya karanta jadawalin manufa da ma'aunan sakamako na furoje.

Hujjar kuɗi ita ce ke kayar da mutane, ba sata ba. An yi taro da gaske, amma takardar halarta ba sa hannu ko dangwale. An sayi kaya, amma faktir ɗin ba lambar NIF, wato lambar shaidar haraji. An wuce iyakar da dokar ƙungiya ta sa ba a nemi farashi daga 'yan kasuwa uku ba. An je aiki Dungas, takardar izinin tafiya ba hatimin hukumar da aka je wurinta. An ɗebi kuɗin wani layi an toshe wani ba a nemi izini a rubuce ba. Mai odit, wato mai binciken lissafi, ba ya jin rantsuwa, zai ce kuɗin ba su karɓu ba, a mayar. Ƙaramar ƙungiya kuwa ba ta da inda za ta samo su, daga nan sai suna ya ɓaci. Tun 1 ga Janairu 2024 kuma akwai tsarin lissafi na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, da aka keɓe wa ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, SYCEBNL. Duk mai son shugabanci ta nemi horo a kansa.

Mastar tana da amfani, manyan kujeru kan nemi bak da shekara biyar. Amma ki yi ta bayan kin taɓa aiki, lokacin kin san ko sarrafa furoje ne, ko lafiyar al'umma, ko lissafi ya dace da ke. Ingilishi ma ki ɗan kama shi.

Batun buɗe taki, shawarata ki dakata. Takardun ba su ne wahalar ba. Dokar ƙungiyoyi ita ce ta 84-06 ta 1 ga Maris 1984 da gyare-gyarenta: a yi babban taron kafawa a rubuta bayaninsa, a shirya kundin ƙa'idoji da dokar cikin gida, da sunayen 'yan biro, a ajiye wurin hukuma, a jira takardar amincewa daga ofishin ministan cikin gida. Bayan nan sai NIF, da asusun banki mai sa hannu biyu, da rahoton aiki da na kuɗi kowace shekara, wanda yanzu hukuma ba ta wasa da shi. Abin da ke biyo baya ne ke kashe ƙungiya. An cika biro da miji da ƙane da 'yar ɗaki, ba mai iya ce wa shugaba a'a. Shugaba ita ce ma'aji, ita ce mai sayayya. Ba a bambanta shugabar ƙungiya, wadda zaɓaɓɓiya ce ba ta da albashi, da mai gudanarwa, wadda ma'aikaciya ce da kwamiti ke iya tuhuma ba. Yau ilimi, gobe noma, jibi lafiya, duk inda aka ji ƙamshin kuɗi. Irin su ake kira ONG ta cikin jaka, kuma masu ba da kuɗi suna gane su tun daga shafin farko. Ga shi taimakon waje ya ragu tun 2023, ya ƙara raguwa da Amurka ta rufe ayyukan hukumarta ta agaji, USAID, a 2025. Wadda za ta tsaya yanzu ita ce mai fanni ɗaya, da mambobi masu biyan kuɗin wata, da ƙaramin aikin da ta fara a ƙarƙashin babbar ƙungiya ta kuma gama shi da tsabta.

Sai zancen gida, wanda ba a rubuta shi a sanarwar ɗaukar aiki. Aikin na da tafiye-tafiye da kwana a waje, kwangilar kuma ta wata shida ce ko shekara. Ki yi wannan magana da iyayenki, da maigida ko wanda zai aure ki, tun kafin ki sa hannu, ki faɗi kwana nawa a wata za ki yi a daji. Ki tabbatar an yi miki rajista a CNSS, asusun tallafin ma'aikata na ƙasa, ki kuma san dokar aiki ta ba ki hutun haihuwa na mako 14. Duk inda kika gama aiki, ko sitaj ne na wata uku, kada ki bar ofishin sai da takardar shaida mai hatimi, wadda ta faɗi muƙaminki, da yawan mutanen da kika jagoranta, da adadin kuɗin da suka bi ta hannunki. Allah ya ba da sa'a.