Yadda ake kawo maƙalar mujalla a manazarta

Tambaya: Malamin da ke duba kundina ya dawo mini da shafin manazarta cike da jan biro. Ya ce tsarin APA (tsarin jera manazarta na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Amurka) muke bi, kuma na cakuɗa mujallar ilimi da mujallar labarai. Ina bambancin yake?

Amsa: Bambancin yana cikin kwanan wata. A bugu na 7 na APA, wanda ya fito a 2019, mujallar ilimi irin su Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero shekara kawai ake sa mata a cikin baka. Mujallar labarai kuwa, mai fitowa mako-mako ko wata-wata, sai an ƙara wata, da rana idan akwai, domin shekara kaɗai ba za ta kai mai karatu ga fitowar ba.

Ga jerin: sunan ƙarshe na marubuci, waƙafi, haruffan farko na sauran sunayensa, shekara, taken maƙala, sunan mujalla, lambar kundin mujallar (wato volume), lambar fitowa a cikin baka, sai shafin farko da na ƙarshe. Sunan mujalla da lambar kundi ne ake karkatar da rubutunsu, ba taken maƙala ba. Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, saboda sun saba da littafi, inda taken ne ake karkatarwa. Idan maƙalar tana da DOI, wato lambar dindindin da ake gano maƙala da ita a intanet, sa shi a ƙarshe, ya fara da https://doi.org/, kuma kada ka ɗora masa aya.

Sunayenmu na buƙatar lura. Marubuta da yawa suna rufe sunansu da na garinsu ko unguwarsu. Kada ka zaɓa wa marubuci sunan da za ka sa. Ɗauki na ƙarshe kamar yadda ya bayyana a kan maƙalar, da ƙ ko ɗ ɗinsa. In ka canza, wanda ya je laburare nema ba zai same shi ba, kuma amfanin manazarta ke nan ya tafi.

A cikin rubutu, suna da shekara sun isa, sai dai in kalmominsa ka ɗauko kai tsaye, to dole ka sa shafi. Marubuta uku ko fiye, rubuta na farko ka bi shi da "et al.", ko "da wasu" in haka sashenku ya amince.

Maƙalar da ba ka karanta da idonka ba, ka gan ta ne a aikin wani, kada ta shiga manazartarka. Ambace ta a cikin rubutu ka ce daga wane ka samo, sannan ka jera aikin da ka karanta ɗin.