Gari a gindin kwalba: ba ƙwararki aka yi ba

Wata uwa daga unguwar Birni ta rubuto: "Likita ya rubuta wa ɗana amoksisilin. A farmasi sai aka miƙo mini kwalba da ɗan gari a gindinta, ko rabi bai kai ba. Maƙwabciyata ta ce an cuce ni, siro ya fi. In mayar?"

Kada ki mayar, ƴar'uwa. Amoksisilin ba ya jimirin zama cikin ruwa, ƙarfinsa raguwa yake yi a hankali, shi ya sa ake busar da shi a bar miki zuba ruwan. Sararin da kika gani a kwalbar, wurin ruwa ne. Ki fara kaɗa ta garin ya saki, ki zuba ruwa kaɗan ki girgiza, sannan ki ƙara har ya kai layin da ke jikinta. Ruwan kuwa a tafasa shi ya huce tukuna, musamman in wajen ƴan ga-ruwa aka saya, kamar yadda gidaje da yawa ke yi a Damagaram. Duk sanda za ki ba yaro ki sake girgizawa, don maganin kwantawa yake yi a ƙasa. In ba haka ba cokulan farko su zama tsararo, na ƙarshe su yi kauri fiye da kima.

Abin da ya fi damuna shi ne ajiya. Da zarar ruwa ya shiga, kwana 7 zuwa 14 ne iyakarsa, gwargwadon abin da takardar cikin kwali ta faɗa, don haka ki rubuta ranar a jikin kwalin. Irin wanda ake haɗawa da asid kilabulanik, kamar Augmentin, shi sai firiji. To ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta. In babu firiji a gidan, ki gaya wa likita tun kafin ya rubuta, ki tambaye shi ƙwayar da ke narkewa cikin cokalin ruwa ko nonon uwa. Ita Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fifita wajen ciwon huhun yara, don ba ta buƙatar sanyi. Gindin randa ya fi saman taga, amma bai kai firiji ba. Ragowar kuma a zubar, ba a ajiye wa ƙane.

Wani ɗan kasuwa a kasuwar Dole ya ce mai tallar magani a faranti na sayar da sashen magani, wato ƴar ledar garin magani, da araha, me zai hana shi saye?

Alhaji, gari mashayin raɓa ne. Sashen da ya wuni a rana, ko ya huje da damina, za ka ji ya dunƙule in ka matsa shi, wani ma launinsa ya sauya. Wannan ko a farmasi aka ba ka, kada ka karɓa. In kuɗi ne matsalar, ka ce su ba ka jenerik, wato wanda ba ya ɗauke da sunan babban kamfani, sinadarin ɗaya ne kuma ya fi sauƙi. Sashen babba kuwa ba a raba wa yaro shi da ido.

Wata amarya daga Garin Malam tana so ta sani ko za ta iya kaɗa rabin sashen ruwan gishiri da sukari na masu zawo a kofi, don kada ya lalace.

A'a, amarya. Sashe guda a lita guda, sai in an rubuta wani awo daban a jikinsa. Ledar piya-wata biyu ta isa in kowace rabin lita ce. In ruwa ya gaza gishiri ya yi yawa, yaron da ake so a ceta shi za a cutar. Kada ki ƙara sukari, kuma bayan awa 24 ki zubar ki haɗa sabo. Ki haɗa masa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. In ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko kika ga jini a zawon, ki goya shi zuwa likita a ranar.