Fiya-fiya a buhun wake, fumfuna a gyaɗa: amsoshin malamin gona

Assalamu alaikum manoma. Kaka ta kama, shi ya sa yawancin tambayoyin da suka iso mini a wannan karon a kan ajiya da magunguna suke. Na zaɓi biyar, zan fi daɗewa a kan ta farko domin ita ta fi hana ni barci.

Wani manomi daga Dambatta ya ce: "Malam, bara na ajiye wake buhu shida, kafin damina ta faɗi ƙwari sun mayar da rabinsa gari. Maƙwabcina ya ce in yayyafa Sniper ko fiya-fiya kafin in ɗinke buhu, wai kafin a ci ƙarfinsa ya fita. Ya kake gani?"

Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Na san zafin asarar nan, mutum ya sha rana wata uku sannan ya kwance buhu ya tarar da dusa. Amma don girman Allah kada ka yi. Sinadarin da ke cikin Sniper sunansa dichlorvos, za ka ga an rubuta DDVP a jikin kwalbar, kuma shi ne ake tsarma wa ruwa a sayar a tasha da sunan fiya-fiya. Jijiyoyi yake kamawa. A jikin ƙwaro akwai abin da ke tsayar da saƙon jijiya idan ya isa inda aka aike shi, maganin sai ya toshe wannan abin, jijiyoyi su yi ta aiki ba tsayawa har ƙwaron ya sandare. Matsalar ita ce jikin ɗan Adam ma da irin wannan tsarin yake aiki. Abin da ya kayar da ƙwaro shi zai kayar da ɗanka, yawa ne kawai ya bambanta.

Maganar cewa ƙarfinsa yana fita, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin yana bin iska a hankali. To amma wa ya auna abin da aka zuba, wa ya san abin da ya rage? Da zarar buhu ya bar hannunka ba ka san ranar da zai shiga tukunya ba. Wataƙila dillali ya kai shi Dawanau gobe, jibi mai ƙosai ta auna kwano biyu ta jiƙa, gata 'yan makaranta su yi layi a gabanta. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya ƙasashenta saboda wannan sinadarin. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, sai aka riƙa samun wanda ya ninka haka sau ɗaruruwa. Waken da suka ƙi karɓa irinsa muke ci a gida. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana tallar ƙananan kwalaben nan a kasuwanni, duk da dai har yanzu ido yana ganinsu.

Hanyar da nake ba kowa ita ce buhun PICS, mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Masana daga jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fara aikin tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru, aka gwada shi sosai a Maraɗi, aka fara yaɗa shi tun 2007. Ba magani ko ɗigo a cikinsa. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo amfani, ƙwansa na manne a jikin ƙwaya, cikin wata guda ya ƙyanƙyashe ya girma ya sake zuba wani. Idan ka rufe shi inda iska ba ta shiga, shi da kansa zai shaƙe ɗan abin da ke ciki, ya daina ci, ya bushe ya mutu.

Sai dai buhun yana da sharaɗi. Waken ya bushe ƙarau, ka ciza ka ji ya ce ƙas. Ka tsince tsakuwa da ƙirare don kada su huda leda. Kafin ka zuba, ka kaɗa iska cikin kowace leda ka riƙe bakinta ka danna, in ta sace to ta huje, ajiye ta. Ka matse iska, ka murɗe bakin ledar ciki ka ɗaure ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Ka ɗora a kan katako, nesa da bango saboda ɓera. Kuma ka haƙura da buɗewa kowane mako don ganin ko yana nan lafiya, nan ne mutane da yawa suke ɓata aikin. In ka kula da shi zai yi maka kaka uku. Wanda bai samu ba, jarka ko durom mai murfin da ke kamawa sosai yana yin wannan aikin, muddin an cika shi fal. Na iri kuwa, dabarar kakanni ta gauraya wake da tankaɗaɗɗiyar toka, kwano da kwano, har gobe tana aiki.

Wata baiwar Allah mai sana'ar ƙuli-ƙuli daga Maraɗi ta ce tana samun gyaɗa mai araha wadda wasu ƙwayoyinta suka yi baƙi suka motse, tana tambaya ko suya tana kashe abin da ke ciki.

Hajiya, ba ta kashewa. Wuta tana kashe fumfunar, amma dafin da ta riga ta zuba, wanda ake kira afulatoksin, yana jure tafasa da suya. Wannan ba a kwalba aka sayo shi ba, fumfuna ce ke haifar da shi a gyaɗa da masara idan fari ya buge su a gona ko aka tara su da laima. An gano shi a 1960 lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da gyaɗa. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka rasu sanadin gurɓatacciyar masara. Wanda yake cinsa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru hantarsa yake ci, yana kawo kansar hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. Abin da ya fi shafarki shi ne idan aka matse mai, mafi yawan dafin a tunkuza yake zama, ita ce kuma ƙuli-ƙulin. Ki baza gyaɗar a faifai ki tsince duk mai baƙi, mai kore-kore, motsattsiya da wadda ƙwaro ya huda. Wadda kika tsince kada ki ba kaji ko saniya, domin a saniya dafin yana biyo madara. Ki binne ta. Ga masu noma ta, akwai Aflasafe, maganin rage wannan dafi tun daga gona, da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ƙwayar dawa ce mai launin shuɗi, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin fure. Kuma a daina shanya a ƙasa tsirara.

Wani matashi mai lambu a Kadawa yana tambaya ko ruwan darbejiya da gaske yana maganin ƙwari.

Yana yi, ƙanena, kuma ƙarfinsa a ƙwallon 'ya'yan yake fiye da ganye. Ka daka busassun 'ya'ya kamar rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 su kwana, ka tace da ƙyalle, ka ɗan sa sabulu don ya kama ganye. Ba ya kayar da ƙwaro nan take, hana shi ci da girma yake yi, don haka kada ka duba da safe ka ce bai yi ba. Rana tana kashe ƙarfinsa, sai ka fesa da yamma ka maimaita bayan mako. Tun ƙwari suna kaɗan ake fara shi.

Daga Funtuwa an tambayi dalilin da ya sa aka zuba yuriya amma masara ba ta nuna ba. Yuriya kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, sai dai in aka bar ta a saman ƙasa rana na duka, wani kaso yana tashi ya bi iska. A tona ɗan rami tazarar yatsu huɗu daga gindin shuka, a zuba, a rufe, lokacin da ƙasa ke da danshi.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ce a Gaya: jikansa ya dawo daga feshi yana amai da jiri, suka ba shi madara da manja, ko sun yi daidai?

Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, amma madara da manja ba sa karya wannan dafi, kuma ɗura wa mai jiri abu yana iya sa ya shiga huhunsa. Na taɓa ganin wani yaro a fadama, ba takalmi, rigarsa sharkaf da abin da famfon bayansa ke zubarwa, bakin famfon ya toshe ya sa baki ya hura. Na tsayar da shi na ce ya je ya yi wanka yanzu-yanzu. Maganin nan ta fata ma yana shiga. Idan aka ga yawan miyau, gumi, amai, ƙwayar ido ta ƙanƙance ko numfashi na sarƙewa, a cire masa kayan, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa, kada a sa shi amai da gangan, a kwantar da shi a gefe ɗaya a nufi asibiti. Akwai allurar atirofin da likitoci ke yi wa irin wannan. A tafi da kwalbar ko takardar jikinta, domin maganin ciyawa irin paraquat kulawarsa dabam ce, kuma sunan da ke jiki shi zai nuna wa likita inda zai fara. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a zuba ruwan cikin famfon feshi, a huda gindinta don kada wani ya zuba mai ko ruwan sha a ciki.