Kira na biyu bayan buɗewa da 1♣ a wasan kati na birij

Ka tambaya me za ka kira (wato tayin da kake furtawa kafin a fara buga kati) bayan ka buɗe da 1♣, abokin wasanka ya amsa 1♠. Fara duba ♠ ɗinka. In kana da huɗu, mara masa baya: 2♠ da maki (darajar katunan hannunka) 12 zuwa 15, 3♠ da 16 zuwa 18. In babu, kuma hannunka a daidaice yake (katunanka sun rarrabu kusan daidai tsakanin ♠, ♥, ♦ da ♣), 1NT (NT: wasa ba tare da nau'in katin da ke cin sauran ba) na nufin maki 12 zuwa 14, 2NT kuwa 18 zuwa 19, muddin buɗewar 1NT ɗinku 15 zuwa 17 ce.

Inda na fi jan kunne shi ne 2♥. Kiran nan na alkawarin maki 17 ko fiye, ♣ sun fi ♥ tsawo, kuma dole abokinka ya sake magana. Da maki 13 da ♣ shida, don Allah maimaita 2♣ kawai.