Ina tura gyara ga buɗaɗɗiyar manhaja, maigidana ya ce na kamfani ne

Tambaya: Barista, ina aiki da wani kamfani mai haɗa wa makarantu manhaja a nan Katsina. Da dare nakan tura gyare-gyare ga wata buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kowa zai iya gani da gyara tushenta) a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke haɗa aiki a kai, har an karɓi wasu. Yanzu maigidana ya ce duk kod ɗin da na rubuta, wato rubutun umarnin da ke tafiyar da manhaja, na kamfani ne, in janye shi. Yana da gaskiya? Daga wani mai karatu a Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Malam, kafin ka ce masa uffan, lalubo takardar ɗaukarka aiki. A nan maganar take.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta a sahun rubutun adabi, kuma kariya tana hawa kanta da zarar an rubuta ta, ko ba a yi rajista ba. Sashe na 28 ya ce wanda ya rubuta shi ke da haƙƙi tun farko, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Biyan albashi kaɗai bai mayar da kamfani mai zaman kansa mamallaki ba. Amma ma'aikacin gwamnati ya lura, nasa hukuncin daban ne: abin da ya ƙirƙira a bakin aiki na gwamnati ne.

To, duba yadda aka tsara kalaman. In an rubuta cewa kamfani ya mallaki abin da ka ƙirƙira "a cikin aikinka", gyaran da ka yi a gida, da kwamfutarka, kan abin da bai shafi sana'arsu ba, naka ne. In kuwa cewa aka yi duk abin da ka ƙirƙira "muddin kana ma'aikacinsu", maigidanka ya sami madafa. Irin wannan layi matasa ke sa wa hannu ranar murnar samun aiki ba su karanta ba. Abubuwa uku ke raunana hujjarka: laftof ɗin ofis, lokacin aiki, da ɗauko wani yanki na kod ɗin kamfani. Na ukun ya fi muni, domin ko takardar ta yi shiru, kana da nauyin riƙe sirrinsu.

Batun janyewa kuwa, bakin alƙalami ya kusa bushewa. Ƙa'idar GitHub ita ce gudummawarka tana shiga ƙarƙashin lasisin da manhajar take kai, kuma lasisan buɗaɗɗiyar manhaja irin su Apache 2.0 da GPL ta 2007 sun fayyace cewa izinin ba ya karɓuwa baya. Sai dai ba ka kyautar abin da ba naka ba. In ta tabbata na kamfani ne, izinin da ka bayar ba shi da tushe, masu kula da manhajar za su cire gyaran. Tuna kuma ko ka sa layin "Signed-off-by" (layin sa hannu a ƙarshen bayanin gyara), ko ka amince da takardar CLA (yarjejeniyar masu ba da gudummawa). Da su ka shaida cewa kana da ikon bayarwa, wata CLA ɗin ma mallakar gaba ɗaya take karɓewa.

Shawarata, kada ka goge komai. Tarihin git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyare, yana ɗauke da ranar kowane gyara da sa'arsa, kuma zai taimaka maka. Dakatar da tura sabon aiki, ka nemi kamfanin ya ba ka izini a rubuce: shafi ɗaya mai sunan manhajar, lasisinta, da amincewarsu cewa aikinka na bayan tashi naka ne, da sa hannun wanda ke da ikon wakiltarsu. "Ba komai, ci gaba" na fatar baki ba ya tsayawa ranar rigima. Su ma in mallakar suke so, sashe na 30 ya ce sai a rubuce.

In sulhu ya faskara, shari'ar haƙƙin mallaka ta Babbar Kotun Tarayya ce, akwai ta a Katsina, ba ta majistare ko kotun shari'ar Musulunci ba. Kora daga aiki kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai ta.

Akwai batun da ba ka tambaya ba. In ka taɓa ɗauko kod mai lasisin GPL ka cusa a manhajar da kuke girka wa makarantu, wajibi ne a ba su tushen kod ɗin ƙarƙashin wannan lasisi. Lasisin MIT ba ya neman haka, sanarwar mai haƙƙi da rubutun lasisin kawai za a bari. Bincika wannan kafin ku zauna da maigidan naka.