Filin Turanci: Wa ya ari abu, wa ya ara?

Tambaya: Malam, na ce wa ƙawata "borrow me your biro", sai malamarmu ta ce kuskure ne. Alhali kowa haka yake faɗa. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba mai shirin WAEC, Zariya.

Amsa: 'Yata, malamarku ta yi gaskiya. Tushen rikicin daga Hausa yake. Mu da saiwa ɗaya muke aikin biyu: "na ari biro" da "na ara mata biro". Turanci kuwa kalmomi biyu ya ware. Borrow na mai karɓa ne, lend na mai bayarwa, kamar yadda buy da sell suke tsakanin saya da sayarwa.

Kafin ki buɗe baki, ki duba hannun wanda zai yi aikin a cikin jimlar. Idan biron zai shigo hannunsa, borrow ne: "May I borrow your biro?" Idan fita zai yi daga hannunsa, kamar na ƙawarki da kike roƙo, lend ne: "Please lend me your biro." Wata alamar kuma ita ce abokin tafiyar kowace kalma. Borrow da from take tafiya, "I borrowed it from her", kuma ba a sa me ko him a bayanta da nufin "ara mini". Lend kuwa tana ɗaukar mutum kai tsaye ko kuma tare da to. In abin ya riga ya faru, lent ake cewa. Lended babu ita, kuma nan ɗalibai kan zubar da maki a banza.

Abin mamaki, inda muka bambanta aro da rance, wato ki mai da ainihin butar da kika ara amma ki biya madadin kuɗin da kika ranta, Bature bai damu ba. Borrow ɗin nan ita ce duka.

Tambaya: Malam, mene ne bambancin hear da listen? Daga wani mai karatu, Gusau.

Amsa: Malam, hear ji ne, listen saurare. Ƙarar babur ta faɗo kunnenka ba da niyya ba, ka yi hear. Ka kasa kunne ga labaran rediyo, ka yi listen, kuma in za ka ambaci abin da kake saurare, dole to ta biyo baya: "listen to the news".

Babban tarkon dai kalmarmu ce ta "ji", domin ta yi wa hear faɗi. "Ina jin wari" smell ne, "ina jin sanyi" feel, "na ji gishiri a miyar" taste. "Ina jin Turanci" kuwa understand ko speak ake nufi. Wanda ya ce "I am hearing smell" Hausa yake yi da rigar Turanci.